Mabul Ko Giranait: Yadda Muka Zaɓa Wa Inna Dutsen Kicin

Duk wanda ya shigo wannan makaranta ya san cewa tun bai gama zangon farko ba mutanen gida sun riga sun ba shi satifiket. Ɗan Ilektirikal ya zama mai gyaran fanka da wayoyin unguwa, ɗan Akanta ya zama mai lissafin adashen matan gida. Mu kuwa 'yan Fasahar Gine-gine namu ya fi nauyi, domin ko katanga ce ta tsage a gidan maƙwabta sai ka ji an ce, "A jira injiniya ta zo hutu." Ba sa tambayar ko kana ND 1 ne ko HND 2, ba sa tambayar ko kana da kariyoba. Da wannan satifiket na gida aka ɗora mini aikin zaɓen dutsen da za a shimfiɗa a kan kantar sabon kicin ɗin mahaifiyarmu a Malumfashi.

Tsohuwar madafarmu ɗaki ce ta ƙasa, rufin kwano, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekara da shekaru. Bayan kaka, da aka kai amfanin gona gida, Yaya wanda ke aiki a Abuja ya ce lokaci ya yi da za a fitar da Inna daga hayaƙi. Zai kawo rabin kuɗin, Baba kuma zai sayar da masara ya cika. Duk wanda ya tashi a yankinmu, daga Malumfashi zuwa Ƙafur, Bakori, Funtuwa har Dandume, ya san cewa a gidan manomi da buhu ake lissafi. Idan aka ce abu kaza dubu kaza ne, Baba sai ya yi shiru, ya juya shi zuwa buhunan masara, sannan ya tuna kuɗin takin da ya ci kafin buhun ya samu. Bana kuma masarar ba ta yi daraja ba. Saboda haka kuɗin dutsen nan gumin damina ne, kuma idan aka saya aka yanka, babu mayarwa.

Yaya ya riga ya yanke hukunci tun daga can. Ya turo hotuna a rukunin WhatsApp na gidanmu: kanta fara sol mai jijiyoyi ruwan toka, irin wadda ake gani a gidajen Maitama da Asokoro. Ya rubuta a ƙasa, "Farin mabul nake so. Inna ta cancanci fiye da haka." Ban ga laifinsa ba. Farin mabul yana da kyau, kuma ya daɗe yana jan hankalin mutane. Da shi aka gina Taj Mahal a Indiya. Mabul ɗin Karara na ƙasar Italiya tun zamanin Rumawa ake haƙarsa. Alhazanmu ma sun san daɗinsa a tafin ƙafa, domin farin mabul ɗin da ke filin ɗawafi a Makka, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi kamar sauran daɓe ko da rana ta take. Sai dai filin ɗawafi daban, wurin yanka tumatir daban.

A aji an koya mana cewa mabul asalinsa farar ƙasar siminti ce, irin wadda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka da Obajana, wadda zafi da nauyin ƙasa suka gasa ta tsawon miliyoyin shekaru har ta sake kama. Sinadarin da ke cikinsa kalsiyam kabonet ne, kuma babban maƙiyinsa tsami. Duk abin da ke da tsami, da ya taɓa shi sai ya fara cin fuskarsa, sheƙin ya dushe, ya bar tabo kamar na ƙuna. To, a kicin ɗin Bahaushiya me ba shi da tsami? Tsamiya tana nan kullum saboda kunu da tuwo. Ga lemon tsami, ga tumatir, ga zoɓo, ga yakuwa, ga nono da kindirmo, ga gasarar koko da ta kwana. Idan watan azumi ya kama, dukkansu rana ɗaya suke hawa kanta.

Giranait kuwa wani dangi ne. Narkakken dutse ne da ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ake ganin ƙwayoyinsa ɓaro-ɓaro: masu kama da gilashi su ne kwaz, farare ko masu ja-ja su ne felsfa, baƙaƙe masu walƙiya kuma maika. Tsamin abinci ba ya yi masa komai. A ma'aunin taurin ma'adanai da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, sinadarin mabul yana kan 3, wuƙar kicin wajen 5 da rabi, felsfa 6, kwaz kuma 7. Ma'ana wuƙa tana iya karce mabul, amma a kan giranait wuƙar ce ke dakushewa.

Na rubuta wa Yaya duk wannan bayani. Amsarsa gajeriya ce: "Malama, wannan turancin makaranta ne. Mutanen Abuja ba su san tsami ba ne?" Na san ba za a ci Yaya da dogon rubutu ba. Sai na ce a ba ni kuɗin mota in je Kano in ga duwatsun da idona.

Ni da ƙanena muka bi ta Dayi da Gwarzo muka shiga Kano, muka nufi Ƙofar Ruwa inda ake sayar da kayan gini. Wanda bai taɓa shiga rumfar masu dutse ba zai ɗauka duk abu ɗaya ne. Falle-falle ne jingine da juna, baƙi, fari, ja, ruwan toka, wani an ce daga Indiya, wani daga Sin, wani kuma na gida. A kasuwa ma sunan ya cakuɗe, duk dutse mai sheƙi "mabul" ake ce masa, ko da giranait ne, ko da na haɗi ne da aka yi a masana'anta da garin kwaz da roba. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, da ya ji inda nake karatu, ya ja mini benci ya ce, "'Yata, zauna. Ido ba ya sayen dutse." Shi ya nuna mini cewa akwai baƙin dutsen da ake ƙara wa rini don ya ƙara baƙi, kuma ana gane shi idan aka jiƙa farin ƙyalle da tina aka goga, sai ƙyallen ya ɗauko launi. Ya nuna mini yadda ake duba falle a rana, a karkace, don a ga tsaga siririya da aka cike da gam. Ya ce a ƙwanƙwasa da mukulli: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai tsaga kuma muryarsa a dishe take. Daga ƙarshe ya ba ni gutsattsari huɗu daga ragowar yanka: farin mabul, baƙin giranait na waje, giranait mai ja-ja, da wani ruwan toka mai ɗige-ɗige na gida.

A tsakar gida na jera su a kan faifai, Inna na zaune a kujerarta 'yar tsugunno, matar Yaya da ta zo hutu tana tsaye, Yaya kuma yana kallo ta bidiyo. Kowane gutsure na ɗiga masa abu huɗu: ruwan lemon tsami, jiƙaƙƙiyar tsamiya, manja, da ruwan zoɓo. Muka bar su har aka idar da sallar la'asar, sannan na wanke da sabulu. Farin mabul ya fito da da'ira biyu marasa sheƙi inda lemo da tsamiya suka zauna, idan ka shafa da yatsa za ka ji wurin ya yi kaushi. Mai ja-ja ya sha manja, ya bar inuwa mai duhu. Baƙin na waje bai nuna komai ba. Ruwan tokan ya ɗan yi duhu a wurin manjan, amma sai ka ƙura ido kafin ka gani.

Inna ta ɗauki farin ta juya shi, ta ce, "Wannan ai kyan ɗan maciji ne. Ki gaya wa yayanku, ni ba zan iya renon dutse ba, na gama renon 'ya'ya." Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Shi kuma da ya ji, sai ya yi dariya ya ce, "To, Inna, yadda kuka ce." A nan zancen mabul ya mutu, saura tsakanin baƙi da ruwan toka.

Baƙin ya ci jarrabawa, amma ya faɗi a wurare biyu. Na farko kuɗi, domin duk abin da ya hau jirgin ruwa ya sauka a Legas, farashinsa yana bin dala. Na biyu ƙura. Wanda ya yi hunturu a Malumfashi ya san cewa daga Disamba zuwa Fabrairu, ko ka goge teburi da safe, kafin azahar za ka iya rubuta sunanka a kai. Baƙi mai sheƙi yana tona kowace ƙura, kowane ɗigon ruwa, kowane garin tuwo. Ruwan toka mai ɗige-ɗige kuwa yana rufa wa mai shi asiri. Maganin shan mai da yake ɗan yi kuma sananne ne: akwai ruwan toshe ƙofofin dutse da ake shafawa bayan an kafa shi. Lokaci zuwa lokaci a ɗiga ruwa a kai, idan ya tsaya dunƙule, lafiya lau, idan wurin ya yi duhu cikin 'yan mintuna, a sake shafawa. Muka tsaya a kan ruwan toka.

Na ɗauka an gama, ashe babbar muhawarar tana gaba, kuma da Inna ce. Da na zana mata kicin ɗin a takarda, kanta mai tsawon santimita 90 daga ƙasa kamar yadda littafi ya ce, ta daɗe tana kallo sannan ta tambaye ni, "A ina zan tuƙa tuwo?" Ta ce, "Ke ma kin sani, tukunyar gidan nan ba a tuƙa ta a tsaye. Sai na dafe ta, na sa ƙarfin kafaɗa a muciya. Ki ɗora ta a can sama, ai sai dai in hau turmi."

Tambayar ta sa na koma na binciko daga ina wannan tsayi ya fito. Kicin mai kanta a jere, wanda ake aiki a tsaye, tsari ne da ya bunƙasa a Turai da Amurka a ƙarni na 20. Wanda ya fi shahara shi ne na birnin Farankfot a Jamus, wanda wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara a 1926 domin ƙananan gidajen ma'aikata. An auna shi ne da ƙananan tukwane da iyali na mutum huɗu ko biyar. A gidanmu kuwa, ranar da babu baƙo mutum goma sha huɗu ne ke cin tuwon dare, idan lokacin aikin gona ne kuma a ƙara da 'yan ƙwadago. Wancan ma'auni bai san da muciya ba, bai san da turmi da taɓarya ba, bai san da tankaɗe a zaune ba.

Saboda haka muka raba kicin ɗin hawa biyu. Na auna Inna daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, na rage santimita 12, kantar ta tsaya a kan 84, domin ita ba doguwa ba ce. A nan za a yi yanke-yanke, wanke-wanke da ƙaramin girki a kan gas. A gefen taga kuma muka gina dandamali mai tsawon santimita 35 da bulo da kankare, inda babban murhun gawayi da tukunyar tuwo za su zauna, ita kuma ta ja kujerarta. Wannan ba mu sa masa dutse mai sheƙi ba, domin zafin gawayi na awa biyu a wuri ɗaya yana iya tsaga falle, musamman idan ruwan sanyi ya zubo a kai. Turmi kuma yana nan a tsakar gida inda yake tun kafin a haife ni. Na yi wa ƙannena kashedi: duk wanda na kama yana daka citta ko daddawa a kan kantar nan, ni da shi ne.

Sai maganar nauyi, wadda masu saye ba sa tunawa sai ranar dako. Giranait yana da nauyin kusan tan 2.7 a kowace mita mai cikakken kusurwa. Wato falle mai kaurin santimita 2 yana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai kaurin santimita 3 kuma kilo 81. Kantarmu tsawonta mita 3 da rabi, faɗinta santimita 60, murabba'in mita 2.1 ke nan. A mai kauri ta haura kilo 170, fiye da buhun siminti uku. Kafinta ya so a ɗora shi a kan kabet ɗin katakon nan na gari da ake matsewa. Na ce a'a. A gidan da gara ta cinye ƙyauren ɗakin ajiya sau biyu, kuma ruwan wanke-wanke ba ya rabuwa da ƙasa, katako ba zai riƙe wannan kaya shekara goma ba. Muka gina ƙafafu da bulo, muka zuba siririn dakali na kankare da rodi, muka ɗauki falle mai santimita 2 muka kwantar a kai. Katakon ya tsaya a ƙofofi kawai. Da wannan muka rage kuɗin dutse, muka kuma huta da fargaba. Wajen dako ma na tsaya a kan direban sai ya jingine fallen a tsaye a kan katako da tsofaffin tayoyi, domin dutse a kwance, idan mota ta faɗa rami, daga tsakiya yake karyewa.

Ranar kafawa na ga abin da har yau yake damuna. Yaron da ya zo yanka wurin da sinki zai zauna bai wuce sa'ana ba. Ya kunna giranda ya kafa wa dutsen, farar ƙura ta turnuƙe ɗakin, shi kuma ko hanci bai rufe ba, gashin idonsa ya yi fari fat. Na ce ya tsaya, na sa ƙanena ya riƙa tsiyaya ruwa daga gora a bakin faifan, muka ɗage wayar wuta daga ƙasa, na ba shi takunkumi. Ya ce, "Anti, mun saba. Idan na tashi madara zan sha, ta wanke." Madara ciki take zuwa, ƙurar kuma huhu take zama. Ƙurar silika idan ta shiga huhu ba ta fita, tana haifar da cutar silikosis wadda ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A ƙasar Ostireliya abin ya kai ga gwamnati ta haramta dutsen haɗi na kanta gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024, saboda yadda matasan masu yanka shi suka riƙa kamuwa. Giranait bai kai dutsen haɗi yawan silika ba, amma yana da ita. Mu da za mu fita mu zama masu kula da wuraren aiki, mu ne za mu ce a zuba ruwa ko mu yi shiru.

Akwai kuma abin da na riƙa tunani a mota a hanyar dawowa makaranta. Ƙasarmu ta kudancin Katsina a kan dutse take zaune. Duwatsun da ke tsaye a Funtuwa, da na Kufena a Zariya, da na Kwatarkwashi, dangin giranait ne da suka samu wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara, maƙwabciyarmu, felsfa ce da ta ruɓe tsawon zamani. Kakanninmu ma sun san dutse a madafa tun kafin a san kanta: murhu duwatsu uku ne, kuma dutsen niƙan kakarmu yana nan a bayan ɗaki, tsakiyarsa ta lotsa saboda gero da dawa na shekara hamsin, bai tsage ba. Mabul ma akwai shi a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Amma mafi yawan abin da muke yi da dutsenmu shi ne mu fasa shi ya zama tsakuwar kankare, wani wurin ma mata da yara ne ke fasawa da guduma a rana. Mai sheƙin kuma mu saya da dala. Abin da ke tsakanin tsakuwa da falle shi ne injin yanka mai haƙoran lu'ulu'u, injin gogewa, ruwa, wutar lantarki da ba ta yankewa, da izinin haƙa daga gwamnatin tarayya kamar yadda dokar ma'adanai ta 2007 ta tanada. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ilimin da ake koyarwa a tsakanin sassan makarantar nan.

Yanzu kicin ɗin yana aiki. Yaya ma bai tashi a tutar babu ba, domin na sayo ragowar farin mabul mai faɗin faranti biyu, matarsa tana murza fulawar cincin da fanke a kai idan ta zo, tunda yana da sanyi kuma kwaɓi ba ya manne masa sosai. Baba ya lissafa buhunan da suka rage a rumbu ya ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Inna kuwa tana yanka kuɓewa a tsaye, tana tuƙa tuwo a zaune, kuma ta hana kowa ɗora tukunya mai zafi a kan kanta ba tare da matashi ba.

Ga 'yan uwana da ke neman abin da za su yi furojet a kai bana, ga tambayoyi kyauta. Nawa ne dutsen Funtuwa ke shan ruwa idan aka gwada shi da na Indiya? Wane tsayin kanta ne ya dace da matan da ke tuƙa tuwon mutum goma sha biyar? 'Yan Mekanikal, ba za a iya ƙera 'yar na'ura mai araha da za ta riƙa ɗiga ruwa a bakin giranda ba? Ma'auni da tanda suna nan a ɗakin gwaji, gutsattsarin dutse kuma masu sayarwa kyauta suke bayarwa idan ka yi sallama da ladabi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa abin da muke karantawa ya amfani iyayenmu tun suna raye.